Zugun Ƙasan Adaka

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci, Ya kai miki haske.

Na san takardar nan ba za ta zo hannunki ba. Ko da kina raye ma ba karanta ta za ki yi ba, tunda ba ki yi boko ba, kuma da an ce miki daga wurina ta fito, kawar da kai za ki yi ki ce a kai wa ƙanwarki Yafendo ta ji abin da ke ciki. Shekara hamsin da biyu muka yi tare a duniya, ban tuna ranar da ni da ke muka zauna a tabarma ɗaya muka yi zancen da ya wuce gaisuwa ba. Ni ne ɗanki na fari. Kunya ta hana ki kiran sunana, ta hana ki duban idona, ni kuma na tashi na tarar haka ake yi, na bi. In kina da magana da ni sai ki gaya wa matata Hajara ina tsaye ina ji, ni ma in mayar da amsa ta bakinta. To yau babu Hajara a tsakani, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Damina biyu ke nan da tafiyarki. Gida lafiya lau. Jikarki Rabi ta haihu bayan ƙaramar Salla, mace, an sa mata sunanki. Yanzu ni ma ga ni da sunan da ba na iya kira a cikin gidana, sai dai mu ce Inna Ƙarama. Gero ya yi kyau bana, dawa ce ruwa ya ɗauke mata da wuri. Garinmu Dauran har yau ba mu koma ba. Wani da ya leƙa ya ce rufin ɗakinki ya rufta, amma tsamiyar tsakar gida tana nan. Hanyar Zurmi kuwa tana yadda kika bar ta, mutum ya bi da rana tsaka, bakinsa ɗauke da addu'a. Jar akuyarki ta sake yin tagwaye, kuma ba ta daina tauna wankin Hajara a kan igiya ba. Yafendo tana nan da rai, sai dai jiki ya ƙi. Saboda ita nake wannan rubutu, da kuma wani abu da na yi miki wanda ban taɓa furtawa a gabanki ba.

Kin san haukana na tufafin mutanen dauri. Daga aji ya faro, ranar da nake koyar da tarihi na rasa yadda zan kwatanta wa ɗalibai wando buje, na ce bari in ɗinka ɗaya su gani da ido. Daga buje na koma hula haɓar kada, daga nan 'yar shara, daga nan abin ya zame mini ciwo. Na yi littafi guda mai baƙin bango, kowace tufa da shafinta: zanenta, awonta da kamu, tsohon da ya kwatanta mini ita, da wadda zan yi bayanta in Allah Ya kai mu. Ranar Asabar abokaina suna gidan kallon ƙwallo, ni ina bin gidajen tsofaffi ina roƙo su buɗe mini tsummansu in auna. Ba na sayarwa, ba na ɗinka wa kowa, keke ma ban yarda ya taɓa su ba, sai allura. Hajara takan ce malamin makaranta ta aura, ta wayi gari a gidan dillaliya. Ke kuwa daga nan kika samo mini suna. Kika daina cewa "wancan", kika koma cewa "mai allura". Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk sunayen da aka kira ni da su babu wanda na ji daɗinsa kamar wannan.

Burina duka a kan riga ɗaya yake. Kin tuna hoton mahaifinki da aka ɗauka a tashar jirgin ƙasa ta nan Kaura, lokacin da yake kawo gyaɗa a kan jakuna? A hannunsa na girma, kuma na san rigar da ke jikinsa a hoton. Kore ce, baƙa wuluk mai sheƙi, in ya ɗauke ni sai ta bar mini shuni a kumatu. Sau biyu na gwada yin irinta da yadin kanti. Awo ya yi daidai, ɗinki ya yi daidai, amma da na sa sai ta zube a jikina kamar labule. Rigar dauri tsayawa take yi da kanta, domin saƙar hannu ce, ƙwarya-ƙwarya masu faɗin yatsa huɗu ake harhaɗawa, kuma zarenta mace ce ta kaɗa shi da mazari. Alhamis nawa na taka kasuwar Shinkafi ina nema, na taka Kasuwar Daji. 'Yan masaƙan da suka rage duk zaren kamfani suke ɗorawa. Shekara uku shafin rigar nan yana cikin littafina babu ƙyallen da zan yi ta da shi.

Sai ga shekarar da zama ya gagara a Dauran saboda 'yan bindiga, na je na ɗauko ku, ke da Yafendo. Kin tuna gardamar adaka? Mota ba wuri. Kin bar jerenki, kin bar tukwane da gadon ƙarfe ba ki ko waiwaye su ba, amma kika hau kan tsohuwar adakar nan ta katako kika zauna, kika sa aka gaya wa direba in ba ta shiga ba ke ma ba ki shiga. Yafendo kuma ta rungume wani ƙunshi a cinya, ba ta sauke ba har muka shigo Kaura. Ni kuwa ina gaba ina mita, ina cewa da rai ake gudu ba da tsumma ba. Ke kika sauka gidana, ita ta sauka gidan 'yarta a can gefen gari.

Damina ta biyu da zuwanku, wata Litinin kun tafi barka ke da Hajara, aka yi ruwa mai iska, ɗakinki ya yi ɗigo daidai kan adakar. Na janye ta, na buɗe in ga ko ruwa ya shiga. Wallahi da niyyar da na buɗe ke nan. Na ɗaga zannuwa, na ɗaga turmin atamfar da ba ki taɓa yankawa ba, can ƙasa sai na ji abu mai nauyi a ƙunshe cikin tsohuwar fatala. Na kwance. Farin zugu ne, saƙar hannu, doguwar ƙwarya guda an naɗe ta kamar faifai, tana ƙanshin saiwar jema. Na warware kamu ɗaya na ɗaga shi ga haske. Abin da na shekara uku ina nema a kasuwanni, ashe yana kwana bango ɗaya ke tsakanina da shi.

Ba zan yi miki ƙarya a takarda ba, tunda na riga na yi miki ita a baki. Na san ɗaukar abin da ba a ba ni ba nake yi. Na dai ce wa raina tsohon ƙyalle ne da aka manta, gara ce za ta ci, kuma ai rigar mahaifinki zan yi da shi, wa zai fi ki murna? Abin da ban sani ba shi ne mene ne shi. Duk tsohuwar da ke Dauran ta san abin da mace ke ajiyewa a ƙasan adaka cikin fatala. Hajara ma da ta gan shi a naɗe da ta gane. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane yadda kakanninsu suka rayu, ni ne ban sani ba. Na mayar da fatalar na rufe ta da zannuwa, na ɗauki zugun na kai ɗakina, kafin ku dawo almakashi ya riga ya shiga.

Bayan mako biyu ina zaune a inuwar rumfa ina haɗa ƙwarya da ƙwarya, na ɗaga murya na gaya wa Hajara cewa a Shinkafi na yi sa'a wurin wani tsoho. Don ki ji na ɗaga muryar. Kin fito da buta za ki yi alwalar la'asar, kika tsaya. Kika sunkuya kika ɗauki bakin ƙwarya ɗaya, kika murza shi tsakanin babban yatsa da manuniya. Kin daɗe kina murzawa. Na sha jinin jikina, na kafe ido a kan allura. Sai kika ajiye, kika juya wajen Hajara kika ce, "Hwaɗa ma mai allura kar shi ja zare da ƙarhi, saƙar ga ba ta son ja." Kika wuce kika yi alwalarki. Ni kuma wawa na sauke numfashi, na ce ba ki gane ba. Yaya za a yi mace ba ta gane zarenta ba? Shekara bakwai yana bi ta tsakanin yatsun nan biyu.

A makon kika sa Hajara ta nemo miki auduga. Da ƙyar aka samo 'yar kaɗan daga Kasuwar Daji. Kika fito da mazarinki da taskira da ɗan alli, kika riƙa zama a bakin ƙofa da hantsi, inda haske ya fi, domin lokacin yanar ido ta riga ta fara rufe miki gani. Zaren yana tsinkewa kina laluba bakinsa kina haɗawa. Wata safiya zan fita makaranta na gan ki, na yi dariya na ce wa Hajara ta gaya wa Inna kamfani ya hutar da mutane, ta bar wahalar da idonta. Ba ki ɗago ba. Inna, yankan zugun na yi shi cikin jahilci, amma maganar nan duk lokacin da na tuna ta sai in ji kamar in tona ƙasa in shige. Ita ta fi ci mini rai.

Wata biyar na yi ina ɗinki. Abin da ya ragu daga riga na yi mata shafin ciki da wando, ban bar ko kamu ɗaya ba. Na kai marina aka tsoma ta har ta yi baƙi ƙirin, aka kai mabuga aka buge ta ta ɗauki sheƙi. Ranar babbar Salla na sa ta, na shigo gaishe ki, na durƙusa a bakin ƙofa tana tsaye a kafaɗuna yadda nake so. Ranar ce kaɗai na san kin dube ni sosai. Daga nan kika ja mayafi kika rufe fuska, kika ce wa Hajara, "Awa Baba na yat taso." Na fita kaina ya kumbura da jin kin kamanta ni da Baba, ina ganin na yi miki abin da ba ɗan da ya taɓa yi wa uwarsa.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru ranar da kika tafi, domin shi ne ba ki gani ba.

Da hantsi ne, ranar Laraba. Ina zaure da maza ana ta shigowa gaisuwa, mata suna ciki suna shirin wanka, sai Hajara ta aiko in zo bakin ƙofa. Na tarar Yafendo ta zazzage adakar kaf, zannuwanki a zube a ƙasa, tana riƙe da fatalar nan babu komai a ciki. Kin san Adda take kiranki. Ta ce, "Ina zugun Adda? Likkahwaninta na, da hannuna na taya ta naɗi." Hajara ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakina inda rigar ke rataye, ta dafe ƙirji. Ban san yadda maganar ta fita daga bakina ba, amma na faɗa, a gaban matan unguwa duka.

Maza suka ce abin ba na tashin hankali ba ne, a je kasuwa a yanko farin yadi. Liman ya ce duk ƙyalle fari mai tsarki ya wadatar, kuma gaskiya ya faɗa. Yafendo ta yafa mayafi ta fita, aka tsayar mata da babur ta ƙi hawa, ta taka da ƙafa har gidan 'yarta ta dawo da ƙunshin nan da ta rungumo daga Dauran. Ta ajiye shi a bakin zaure ta ce, "Tare munka yi kaɗin ga, ba ta tahiya da yadin kanti ina kallo. A ba mai allura shi haɗa."

To kin ji. A cikin zugun ƙanwarki kika tafi, kuma ni na ɗinka shi. Mu huɗu muka zauna a zaure muna haɗa ƙwarya, ni ke yanka ni ke ja gaba, ban ga ramin allura sosai ba saboda hawaye. Ban ja zaren da ƙarfi ba, Inna. Na tuna.

Bayan nan Yafendo ba ta zage ni ba, ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Matar da ta goya ni, wadda ba na shiga ɗakinta in fita ba ta tsokane ni ba, ta koma in na gaishe ta ta amsa ta yi shiru. Bayan addu'ar arba'in na nemo farin yadi mafi kyau da ke cikin Kaura na kai mata. Washegari ya dawo yadda na kai shi, da saƙo cewa ta san abin da malamai suka faɗa, kuma gawa ba ta da zaɓi, ranar da ta mutu a naɗe ta da abin da aka ga dama. Na sauko da rigar na shimfiɗa ina tunanin farke ta. Me zan farke? Na yanyanka ta guntu-guntu, kuma abin da ya shiga marina ba ya komawa fari. Na mayar da ita kan ƙusa, ban ƙara sa ta ba.

Ranar da ake raba kayanki aka jawo taskira daga ƙarƙashin gado. Dunƙulen zare biyar ne a ciki, na fari siriri sumul, na ƙarshe ya fara kauri yana gargada. Nan Hajara ta tuna mini makon da kika fara neman auduga. Sai a ranar na haɗa wannan da wancan. Kin sani tun ranar buta. Kin koma ɗaki kin buɗe adaka kin tarar da fatala wayam, kika mayar da zannuwa kika rufe, kika fara sabon likkafani daga farko, da shekara saba'in da ido ɗaya da rabi.

Me ya sa ba ki faɗa ba? Ko ta bakin Hajara? Na yi fushi da ke, Inna, ba zan ɓoye ba. Na yi kwanaki ina cewa wace irin kunya ce wannan, da uwa za ta ga ɗanta yana yanka likkafaninta ta tsaya gyara masa ɗinki? Wani lokaci kuma raina yakan so ya ce mini kyauta kika ba ni, tunda kin ga rigar kin tuna Baba. Ba na yarda da shi, domin rai ya iya nema wa kansa sauƙi. Ba ki ba ni ba, ɗauka na yi. Abin da kika yi bayan nan ne ban san sunansa ba.

Da fushin ya sauka na buɗe littafina mai baƙin bango, na tsallake duk shafukan rigunan da na tsara, na buɗe sabo na rubuta a sama: zugun Yafendo. Na fara neman mai kaɗi. Tsofaffin da suka iya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu hannu ya daina yi musu biyayya. 'Yan mata kuwa da na nuna wa mazari, wata ta tambaye ni ko na kaɗa miya ne. Hajara ta gwada kwana biyu ta ce ita yatsunta na tuƙin tuwo ne. Da damina ta faɗi na ware kunya shida a gefen gonar gero na shuka auduga, maƙwabtan gona suna tambaya ko kamfani zan buɗe. Da kaka na tsince ta na zuba a buhu, na tsaya ina kallonta, ban san ko ta ina ake farawa ba.

Wata la'asar na sa mazarinki a aljihu, na ɗauki buhun a bayan babur, na tafi wurin Yafendo. Na gaishe ta ta amsa ta yi shiru yadda ta saba. Na fito da mazarin na ajiye a gabanta, na ce koyo na zo. Ta dubi mazarin, ta dube ni tun daga hula har takalmi, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ce, ta farko tun ranar Larabar nan, har da tari. Ta ce, "Namiji da mazari! Mi yar rage ban gani ba duniyag ga? Zamna."

Tun ranar kullum in na taso daga makaranta can nake yin la'asar. Ta koya mini gurza, wato fid da iri daga auduga, ta koya mini shiɓa don a sassauta ta, ta koya mini yadda ake dangwalar alli a murza mazari. Hannunta yana rawa ba ta iya kaɗi, amma bai yi rawar da zai kasa kai mini mafici a bayan hannu ba in na tsinka. Da farko a ƙuryar ɗaki nake ɓuya. Kin san Kaura, kafin mako ya zagayo labari ya kai majalisa. Yanzu malaman makarantarmu Gwaggo suke kirana, har wani ya aiko mini da kallabi a cikin leda. Na kai masa har ofis na ce ya ajiye, ranar da ya iya yin abu ɗaya da hannunsa ban da danna waya sai ya ɗaura don murna. Kin san halina, ban iya haɗiye magana ba, a gabanki ne kawai na iya.

A bakin kaɗin nan na san ki fiye da yadda na san ki a shekara hamsin da biyu. Yafendo ta ba ni labarin mahaifiyarku, yadda ta rasu shekarar yunwa Baba yana can fatauci, aka rasa likkafani aka bi gida-gida ana tara ƙyallaye, duk da haka ya kasa, ƙafafunta suna waje sai da kaba aka rufe su, ku biyu kuna kallo ta bayan zana. Ta ce ba ku yi shawara da baki ba. Bayan kun yi aure kowaccenku ta riƙa ware mazari ɗaya daga cikin kaɗinta tana ajiyewa, har shekara bakwai, kuka kai wa masaƙi rana ɗaya. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko kin taɓa gaya mata zugun ya fita daga adaka. Ta girgiza kai ta ce, "Ko ni ba ta hwaɗa min ba. Ta ruhe ka har gare ni." Ranar ban ƙara iya kaɗa ko kamu ɗaya ba.

Masaƙin da ya saƙa muku, tsohon nan na Birnin Tsaba, yana da rai. Na gano shi a Shinkafi gidan ɗansa, itatuwan masaƙarsa a ɗaure a saman rumfa. Na zazzage masa jakar zare ban gaya masa na wa ne ba. Ya bi su da yatsa, ya ware biyar ɗin nan naki gefe guda ya ce, "Wanga hannun na san shi." Nawa kuwa ya ɗaga ɗaya ya yi murmushi ya ce sai dai abawa, wato na kwance, domin in aka ɗora shi a tsaye tun jan farko zai tsinke. Haka aka yi. Ya kafa masaƙa a tsakar gida, zarenki ya ɗora a tsaye, nawa mai ƙulli-ƙulli ya riƙa ratsawa a kwance. Na tsaya ina kallo har ya yi kamu uku. Tunda kika haife ni ban san wani aiki da muka yi tare ba sai wannan.

Sai dai naki bai yi nisa ba. Abin da muka samu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake bukata ba. Sauran sai na kaɗa na tsayen da kaina, kuma cikin mazari goma da nake cikawa yanzu biyu ne kawai Yafendo ke yarda da su. Ita kuma tun tsakiyar damina ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba. A kwance take koya mini, wani lokaci barci ya ɗauke ta mafici na hannunta. Tsoro nake ji, Inna. Kullum in waya ta yi ƙara ina cikin aji sai gabana ya faɗi. In ta riga ni, zan cika da yadin kanti, kuma na san Allah ba ƙyalle yake dubawa ba. Amma ta ba ki nata ba ta tsaya tunani ba, kuma ni ne sanadi. Ina so ta ga nata ya cika da idonta, ta naɗe shi a fatala ta tura ƙarƙashin kai.

Juma'ar da ta wuce na kai mata abin da aka saƙa. Ta karɓa ta murza bakinsa tsakanin babban yatsa da manuniya, daidai yadda kika yi, har sai da na kawar da kai. Ta ce ta ji hannunki a ciki, ta kuma ji nawa, domin ba makahon da zai kasa jin nawa. Ta tura shi ƙarƙashin matashi. Sannan ta tambaye ni ina baƙar rigar. Na ce tana kan ƙusa, ba na iya ko dubanta. Ta harare ni ta ce, "Shekara bakwai tana kaɗi don ka rataye ma gara? Ran da za ku kai ni, ita za ka sa. Ina son Adda ta raka ni." Na ce to. Na dawo gida na sauke rigar na kakkaɓe, na naɗe ta a cikin fatalarki, na sa a ƙasan adakar, inda na ɗauko.

Ki yafe mini, Inna. Ki yafe mini ɗauka, ki yafe mini ƙaryar Shinkafi, ki yafe mini dariyar da na yi miki a bakin ƙofa. Na san wadda ta rufa mini asiri har a wurin ƙanwarta ba ta tafi da ni a ƙulle a rai ba, amma ban taɓa roƙa ba, kuma ina so in roƙa.

An kira la'asar. Zan ajiye alƙalami in ɗauki mazari, Yafendo tana jira kuma ba ta son a makara. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Baba da mahaifiyarku a inuwar da ba ta gushewa. Sai mun zo.

Ni ne ɗanki na fari, mai allura,
Usmanu. Na rubuta miki sunan, tunda a nan ba wanda zai ji.